Littafin kimiyya da gawon Garagumsa: yadda za ku auna abin da kuke karantawa

Littafi a yau ba ya jiran motar Damagaram ko ta Kano kafin ya iso Takeita. Ta waya yake shigowa. Ɗalibin da ke Jami'ar André Salifou ya tura wa ƙanensa, ƙanen ya tura wa mushen lakwal, mushen ya kai shi fada, kafin a sauke shayi na uku kowa ya samu nasa. Cikin abin da ake rabawa har da wani irin littafi da iyayenmu ba su saba da shi ba, wato wanda masani ko ɗan jarida ya rubuta don ya bayyana wa gama-garin mutane abin da kimiyya ta gano. Wannan ya ce zai gaya maka yadda sararin samaniya ya faro, wancan ya ce zai nuna maka yadda ƙwaƙwalwarka ke yaudararka, wani kuma ya tattaro tarihin ɗan Adam kaf ya cusa cikin shafi 500. Da Faransanci ko Turanci aka rubuta yawancinsu, don haka mutum guda ne ke karantawa, sauran su ji daga bakinsa.

Kowa da abin da ransa ke so. Akwai wanda in ba tarihi ba ne ba ya kai shafi na goma. Akwai mai son rayuwar manyan mutane, akwai mai neman littafin da zai koya masa tara dukiya, akwai wanda bai wuce Ahlari da Ishmawi da Risala ba kuma bai ga abin da ya rasa ba. Wannan ba abin gardama ba ne. Inda gardama ke tashi shi ne a kan littattafan kimiyyar nan. Wani da zarar ya ji an ce "an yi bincike" sai ya sallama, ya ɗauki maganar ya riƙa kashe bakin mutane da ita. Wani kuma ko buɗewa ba ya yi, ya ce ƙaryar boko ce. Dukansu biyu aiki ɗaya suke gudu, wato zama a auna magana.

Abin da ya kamata ku fara sani shi ne, irin wannan littafi ruwaya ce. Binciken kansa yana can cikin mujallun masana, a rubuce da ƙunci, cike da togaciya: a wuri kaza muka auna, mutum kaza muka gwada, mai yiwuwa ne sakamakon ya bambanta a wani wuri. Mai rubuta wa jama'a yana ɗauko ɗaruruwan irin waɗannan takardu ya ƙulla su su zama labari guda mai daɗin ji. Wajen ƙullawar ne togaciya ke zubewa. "Mai yiwuwa ne" ta koma "tabbas", "ɗalibai 30 a wata jami'a" su koma "ɗan Adam". Ba lallai marubucin maƙaryaci ne ba. Kamfanin ɗab'i yana son abin da zai sayu, kuma littafin da ya ce "lamarin da wuya, har yanzu ana dubawa" ba ya tashi a kasuwa. Ga kuma jinkiri: littafi yana iya shekara 20 ana karanta shi bayan masana sun riga sun watsar da abin da ya dogara a kai.

Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana don daɗinta, sai an tambayi isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, akwai wanda ya ruwaito ta wata hanya dabam? Haka ake yi wa littafin kimiyya, sai dai a nan sarƙar ba ta ƙarewa a kan amintaccen mutum. Tana ƙarewa ne a kan awo, wanda wani zai iya sake yi gobe ya samu abin da na farko ya samu. In aka bi sarƙa aka tarar ba awo a gindinta, ko sau ɗaya tak aka yi shi, to maganar mai rauni ce ko da marubucin farfesa ne.

Hamadar da aka ce tana tafe

Babu misalin da ya fi kusa da mu kamar na ƙasar da muke nomawa. A 1934 wani farfesan gandun daji na Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, wanda ya yi yawancin aikinsa a Indiya, ya ratsa Arewacin Najeriya da Nijar. Da rani ya zo. Ya ga ƙasa fayau, ga ƙura, ga kara an kwashe, ga awaki na kiwo a fili. A 1935 ya buga maƙala yana cewa Sahara na matsowa kudu, kimanin kilomita guda a shekara, kuma manoma da makiyaya ne ke jawo ta. Har ya ba da shawarar a kafa shingen itatuwa a tare ta. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana, suka bi yankin iyaka har Tafkin Chadi daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Suka dawo suka ce ba su ga alamar hamada na tafe ba. Lalacewar ƙasa akwai ta nan da can, amma ba bangon rairayi mai tafiya ba.

Da a ce rahoto ne ke yin nasara, da maganar ta mutu nan. Amma rahoton kwamiti ba ya da daɗin faɗa, hamada mai cin gari kuwa tana da shi. Da fari ya auka wa Sahel daga 1968 zuwa 1974, labarin ya farfaɗo. A 1975 wani masani, Hugh Lamprey, ya yi shawagi a jirgin sama a Sudan, ya gwada abin da ya gani da wata taswirar 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato kilomita 5.5 a shekara. Wannan adadi ya shiga jawaban shugabanni, ya shiga littattafan makaranta, ya shiga bakin 'yan jarida, har aka riƙa ɗora shi a kan Nijar da Mali, ƙasashen da Lamprey bai auna ba. Ku lura da aibin awon: ya gwada ƙarshen shekarun damina mai albarka da ƙarshen shekarun fari, sannan ya ja layi tsakaninsu kamar abu ne mai tafiya gaba kullum. Masanan Jami'ar Lund ta Suwidin, ƙarƙashin Ulf Helldén, sun koma wannan yanki da hotunan sama ba su ga abin da ya ce ba. A 1991 kuma Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa suka buga abin da tauraron ɗan'adam ya nuna daga 1980 zuwa 1990: bakin hamada yana sauka kudu a shekarar fari, yana komawa arewa in ruwa ya samu. A 1984 ya fi sauka, shekarar da mutanenmu ke kira El Buhari. Bayanta ya ja da baya.

Har dalilin farin ma sai da aka sake. A 1975 wani babban masanin yanayi, Jule Charney, ya kawo hujja mai ma'ana: in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari, za ta riƙa mayar da hasken rana sama, iska ta kasa tashi, hadari ya kasa haɗuwa. Wato mu muka kore ruwanmu da kanmu. Shekara da shekaru ana maimaita wannan. A 2003 kuwa Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin ɗumin ruwan teku, na Atlantika da na Indiya, shi ne babban abin da ke juya daminar Sahel. Akuyar Bamaguje da saniyar Bafillace sun ɗauki laifin teku kusan shekara 30.

Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai, ta taɓa cikin mutane. Tunda an yarda manomi ne mai ɓarna, sai aka ƙwace ice daga hannunsa. Dokar gandun daji ta Faransa ta 1935, da ta Nijar ta 1974, sun sa itatuwa irin su gawo ƙarƙashin kariyar hukuma. Ka sassabe reshen icen da ya tsiro a gonarka, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To me mai hankali zai yi? Sai ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa masifa. Dokar da aka kafa don kare ice ita ta sa aka daina barinsa.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya ce ba komai. Wanda ya je Gure ko Maine-Sorowa ya ga tudun rairayi na binne kwaruruka da dabinai, ya san akwai wuraren da abin gaskiya ne. Gonakin da aka gaji da nomawa ba hutu su ma gaskiya ne. Ruwan sama a Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 tsakanin shekarun 1950 da na 1980, kuma da ya fara dawowa sai ya dawo da wani hali: wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi sun ninka sau uku tun 1982. Mutanen Damagaram sun ga haka da idonsu a Satumbar 2024, da ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni. Matsala tana nan, siffarta ce littattafai suka ɓata.

Labari mai daɗi shi ma a tambaye shi

Yanzu an juya. Littattafan da ake rubutawa kan sauyin yanayi suna son ba da labarin Nijar a matsayin abin al'ajabi: manoma sun farfaɗo da hekta miliyan 5, itatuwa miliyan 200, ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara. Kusan kullum kuma akwai gwarzo guda a tsakiyar labarin, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya da ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980, ya lura cewa 'yan tsirran da ke gonaki kututturan itatuwa ne masu rai, in aka rage musu rassa aka bar biyu ko uku sai su tashi. Abin da manoma suka sa wa suna sassaben zamani ke nan. An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Wannan labari ya fi na Stebbing ƙarfin isnadi nesa ba kusa ba. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a shekarun 1950 da 1975, ya gwada su da na tauraron ɗan'adam na bayan 2000, ana iya ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a gona guda. A 2006 Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka zagaya gundumomin Magarya, Matamai da Mirya, suka yi rahoto kan yadda gawo ya cika gonaki. A lokacin Garagumsa tana cikin gundumar Mirya, sai a 2011 Takeita, inda take yanzu, ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Wanda ya bi hanyar da ta rabu daga Takeita ta yi kudu zuwa Kance da Matamai ba ya buƙatar a karanta masa rahoto.

Duk da haka ku dubi yadda aka samu adadin. Itatuwa miliyan 200 ba ƙirga su aka yi ba, hekta miliyan 5 aka ninka da kimanin ice 40 a kowace hekta. Tan 500,000 kuma an samo shi ne da aka ɗauka cewa kowace hekta ta ƙara kilo 100, aka ninka da miliyan 5. Masu rahoton 2009 da ya kawo waɗannan adadi ba su ɓoye cewa ƙiyasi ne ba. Amma kafin adadin ya kai littafi na uku ya riga ya tuɓe rigar ƙiyasi, yana tsaye kamar an auna shi buhu-buhu a kan sikeli. Ƙila ya fi haka, ƙila bai kai ba. Gonar da ke ƙarƙashin gawo mai shekara 30 da wadda ke da 'yan sabara biyar ba ɗaya suke ba.

Sannan batun gwarzo. Aikin Rinaudo a Maraɗi gaskiya ne, shi kansa kuma yakan ce ba shi ya ƙago dabarar ba. A ƙasar Damagaram girmama gawo ya girmi kowace ƙungiya. Har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya ɗora wa mai sare gawo. Manomi ya san icen nan yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, yana fitar da shi da rani, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne lokacin da ba ko ƙaiƙayi. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne bayanin cewa saiwarsa na tara sinadarin naitirojin, wanda ake saye cikin buhun yuriya, ga kuma takin dabbobin da ke kwana a inuwarsa. Dalilan da suka sa gawo ya dawo suna da yawa, sun kuma cuɗanya: wuyar El Buhari ta koya wa mutane darasi, ruwa ya ɗan dawo, ƙarfin ma'aikatan gandun daji ya ragu a shekarun 1990 da baitulmali ya bushe, gonaki sun yi ƙaranci har ba halin barinsu su huta, dokoki kuma sun sassauta, daga kundin karkara na 1993 har zuwa dokar 2020 da ta ba manomi haƙƙin icen da ya raina. Littafi ba ya son dalili biyar. Ɗaya yake so, mai suna da fuska.

Abin dariya ma, shingen Stebbing bai mutu ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, kusan kilomita 8,000 daga Dakar zuwa Jibuti, faɗin kilomita 15. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce an gyara hekta miliyan 4, kashi 4 cikin 100 na abin da aka yi niyya. Masu shirin da kansu sun sauya tunani, sun koma ga irin abin da manoman Matamai suka yi ba tare da kasafin kuɗi ba.

Littattafan da ke magana kan "ɗan Adam"

A fada, waɗanda suka fi tashe su ne masu bayanin halin mutum. A nan tambaya guda tana warware abu da yawa: a kan wa aka gwada? A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka jawo hankali ga wani lissafi: kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun nazarin halayya daga ƙasashe masu arzikin masana'antu suke, waɗanda jama'arsu kashi 12 ne kacal na duniya. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Don haka in littafi ya ce mutum ba ya iya haƙurin jiran riba, ko ya fi son kansa da danginsa, ku tuna ba a tambayi matar da ke zubin adashi a Garagumsa ba.

Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, ya fitar da Thinking, Fast and Slow a 2011, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun irin waɗannan littattafai. Amma a wani babi ya dogara da gwaje-gwajen da suka ce kalmomin da mutum ya gani suna sarrafa jikinsa ba da saninsa ba. Shahararre a ciki shi ne na 1996, inda aka ce ɗaliban da suka karanta kalmomin da suka shafi tsufa sun fita suna tafiya a hankali. A 2012 wasu masana a Beljiyam suka sake gwajin da na'urar auna lokaci, ba su ga komai ba. A 2015 wata babbar tawaga ta sake gwaje-gwaje 100 na wannan fanni, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka tsaya da ƙafarsu. A 2017 Kahneman ya fito fili ya ce ya amince da ƙananan gwaje-gwaje fiye da kima. Wannan ya ƙara masa daraja a idona. Sai dai kwafin da ke yawo a waya na 2011 ne, babin na nan yadda yake, babu wanda ya liƙa masa gyara.

Haka littafin Peter Wohlleben, ma'aikacin gandun daji na Jamus, wanda aka fassara zuwa Faransanci da sunan La vie secrète des arbres. Ya ce itatuwa na shayar da 'ya'yansu ta zaren naman kaza da ke ƙarƙashin ƙasa, suna gargaɗin juna. A 2023 Justine Karst da abokan aikinta biyu, waɗanda fanninsu ke nan, suka bi takardun suka ce zaren akwai shi, amma batun uwa mai fifita 'ya'yanta ba a tabbatar da shi a daji ba. Littafin yana da daɗi. A karanta shi don daɗin.

Inda abin ya fi haɗari

Kuskure kan taurari ba ya kashe kowa. Kan lafiya kuwa yana kashewa, kuma nan ne ƙananan littattafai da saƙonnin murya suka fi yawa. Zogale abinci ne mai kyau, yana da sinadaran gina jiki, kwaɗonsa ya ceci gidaje da yawa a lokacin bazara. Amma maganar da ke yawo cewa yana warkar da cuta 300, ku nemi gindinta. Yawancin abin da aka gwada a ɓeraye ne ko a kwalabar ɗakin bincike, kuma tsakanin ɓera da mai ciwon suga da ya ajiye maganin likita akwai tafiya mai nisa. Alamun da ke sa in ajiye littafi su ne: magani ɗaya ga cuta da yawa, marubucin da ke sayar da abin da yake yabo, da kuma wanda ya ce likitoci sun sani suna ɓoyewa.

Shakka ma tana da nata haɗarin in ba ta nemi hujja ba. Mutanen Kano suna da dalilin tsoro: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Amma da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Nijar, yara suka shanye. Da aka koma rigakafi, a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, ya kusan kawar da nau'in A wanda a da yake ɗibar mutane duk rani. Waɗannan sun bambanta da labarin ɗalibai masu tafiya a hankali, domin an auna su a kan miliyoyin mutane, a ƙasashe da yawa, shekara bayan shekara, sakamako bai sauya ba. Kalmar "kimiyya" tana rufe abin da aka gwada sau dubu da abin da aka gwada sau ɗaya, aikin mai karatu ne ya raba su.

Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce a fara da babin da ya taɓo abin da ka sani. In littafi yana bayanin duniya baki ɗaya, nemi inda ya yi maganar Sahel, ko noman gero, ko Musulunci, ko auren mata fiye da ɗaya. In ka same shi yana tuntuɓe a nan cikin gadara, to ka san irin gadarar da yake yi a babin Sin da na Girka, inda ba ka da abin kama shi. Sannan ka juya bayan littafin ka ga ko ya nuna inda ya samo maganarsa, ka dubi shekarar bugu, ka tambaya ko fannin marubucin ne. Sapiens na Yuval Noah Harari, alal misali, masanin tarihin yaƙe-yaƙen tsakiyar zamani ne ya rubuta shi, amma ya yi hukunci kan ƙwayoyin gado da ƙwaƙwalwa da farkon noma, kuma masana waɗannan fannoni da dama sun yi ƙorafi.

Ni dai zaɓina ya karkata ga littattafan waɗanda suka zauna wuri ɗaya suka daɗe. Michael Mortimore ya yi shekaru yana koyarwa a Zariya da Kano, yana komawa ƙauyen Dagaceri damina bayan damina, kafin ya fitar da Adapting to Drought a 1989. Polly Hill ta zauna Batagarawa kusa da Katsina ta rubuta Rural Hausa a 1972. Stephen Baier ya rubuta tarihin tattalin arzikin Damagaram da Damargu a 1980. André Salifou ya yi tarihin sarautar Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, Boureima Alpha Gado kuma ya bi tarihin yunwa a Sahel a 1993, da sunayen da talakawa suka ba kowace. Ba su da santsin Harari, wasu shafukan ma jadawali ne zalla. Amma suna faɗin sunan ƙauye da shekara, ta yadda tsohon da ya ji labarin yunwar Kakalaba ta bakin kakarsa, ko ya ga El Buhari da idonsa, zai iya cewa nan an yi daidai, nan an yi kuskure.

Wannan tsoho kuwa ba zai karanta su ba, domin ba da harshensa suke ba. Hausa ta taɓa samun littafin kimiyya na gama-gari: Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta a Zariya kan halittu iri-iri, tun kafin ƙasashenmu su sami 'yanci. Tun daga lokacin ɗab'in Hausa ya bunƙasa ta fuskar addini da ƙagaggun labarai, ta wannan fuska kuwa sai ɗai-ɗai. A Maris na 2025 kundin da gwamnatin Nijar ta kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka koma harsunan aiki. Muna da jami'a a Damagaram, da masana aikin gona na cibiyar bincike ta INRAN, da malaman da suka iya alƙalami. Rahoton 2006 kan gawon Magarya da Matamai da Mirya da Faransanci aka rubuta shi, an kuma kafa hujja da shi a taruka daga Yamai har Washington, alhali yawancin manoman da aka ƙirga itatuwan gonakinsu ba su da hanyar sanin abin da aka ce sun yi, balle su gyara wa mai ƙirgar.